MUJALLAR MUSULMIN LIBAFUL: TASHINTA, MANUFARTA DA FAƊUWARTA

 

A makon nan za mu ɗauko tarihin wata mujalla ta wata-wata, wadda wata 'yar ƙaramar jama'ar Musulmi ta riƙa bugawa a ƙasar Ingila tun zamanin Sarauniya Biktoriya. Sunan mujallar The Islamic World, watau Duniyar Musulunci. Ta fara fitowa a shekarar 1893 daga birnin Libaful, wanda Turawa ke rubutawa Liverpool, kuma zuwa shekarar 1908 ta riga ta daina fitowa. Masu ita Turawa ne da suka musulunta, mafi yawan ƙiyasin da masu tarihi suka yi musu bai wuce mutum 600 ba a cikin shekara ashirin. Abin da ya sa tarihinta ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, wannan 'yar jama'a ta sami jin muryarta daga Ikko har zuwa Indiya ta hanyar takarda da tawada, sa'an nan kuma ta yi shiru a cikin ɗan lokaci kaɗan sa'ad da mutum ɗaya ya bar gari. A cikin waɗannan al'amura biyu akwai abin lura ga duk wanda ke riƙe da wata ƙungiya ta addini, ko yake taimaka mata da dukiyarsa ko da alƙalaminsa.

ASALIN JAMA'AR

Wanda ya kafa jama'ar shi ne William Henry Quilliam, wanda aka haifa a Libaful a shekarar 1856. Ya tashi a gidan Kirista mabiya ɗarikar Metodis, tun yana yaro kuma ya shiga ƙungiyar masu yaƙi da shan giya, har ya yi suna wajen yi wa mashaya wa'azi. Ya zama lauya a shekarar 1878, ya kuwa sami kasuwa ƙwarai a wannan sana'a. Wata tafiya da ya yi zuwa Maroko ita ce ta haɗa shi da Musulmi ido da ido. Ya ga salla, ya ga mutanen da addininsu ya riga ya hana su abin da shi yake ta fama da mutanensa a kai, ya koma gida ya yi ta bincike, daga bisani ya karɓi kalmar shahada, ya ɗauki suna Abdullahi.

A shekarar 1887 ya fara kiran mutane a wani zauren masu yaƙi da giya a unguwar Mount Vernon. Cikin waɗanda suka fara amsa masa akwai wata mace mai suna Fatima Cates, wadda ta zama ma'ajiyar jama'ar, ta kuma sha wuya a hannun danginta saboda addinin da ta zaɓa. Da mai zauren ya kore su, sai suka koma wani gida mai lamba 8 a layin Brougham Terrace a ƙarshen shekarar 1889, suka mai da wani sashe nasa masallaci. A nan ma ba su huta ba. In ladan ya fito kiran salla, sai 'yan iskan gari su taru suna jifa da duwatsu da ƙazanta, suna farfasa tagogi.

Sai dai Allah Ya sa jama'ar ta tsiro a wurin da ya dace. Libaful a wancan zamani tana cikin manyan tashoshin jiragen ruwa na duniya. Daga nan jiragen kamfanin Elder Dempster ke tashi zuwa Saliyo da Ikko su komo da manja da kwara, ga kuma jiragen Indiya da na Masar. Matuƙan jirgi Musulmi, da ɗalibai, da fatake, da manyan baƙi, duk ta nan suke sauka. Duk inda jirgi ya je kuwa, jakar gidan waya na iya zuwa.

DALILIN KAFA MUJALLA

Shehu Abdullahi ya riga ya ga ƙarfin rubutu tun a shekarar 1889, lokacin da ya wallafa wani ɗan littafi mai suna The Faith of Islam, wanda aka sake bugawa sau da dama, aka kuma fassara shi cikin harsuna masu yawa. Amma littafi sau ɗaya yake magana, alhali kuwa masu suka kullum suna da sabon zance. Saboda haka a watan Janairu na 1893 jama'ar ta fara fid da jarida ta mako-mako mai suna The Crescent, watau Jinjirin Wata, sa'an nan a cikin shekarar ta biyo da mujallar wata-wata. Domin kada su dogara ga maɗaba'ar wani, sai suka kafa injin ɗab'i nasu a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan masallacin.

An raba wa takardun biyu aiki. Ta mako-mako ita ce mai labarai: wanda ya musulunta, wanda aka ɗaura wa aure, wanda ya rasu, baƙon da ya sauka, laccar da aka yi da wadda za a yi. Ta wata-wata kuwa ita ce mai dogon numfashi, inda ake shimfiɗa maƙala mai tsawo a kan aƙida, ko tarihin daulolin Musulmi, ko halin da Musulmi ke ciki a wata ƙasa, a kuma haɗa da waƙoƙin da mawaƙan jama'ar suka tsara da Turanci. Wannan rabo yana da hikima, domin labari yana tsufa cikin mako guda, amma bayanin ilmi yana jure wa doguwar tafiyar jirgin ruwa, ya isa hannun mai karatu a wata nahiya bai lalace ba.

In aka duba aikin da mujallar ta yi, za a ga manufa uku.

Ta farko ita ce karantar da sababbin shiga. Mu da muka tashi muka tarar da makarantar allo da zauren malam a kowace unguwa, da wuya mu gane irin ƙishirwar mutumin da ya musulunta a ƙasar da ba malami ko ɗaya. A shekarar 1893 duk fassarorin Alƙur'ani mai girma da ke hannun masu jin Turanci na waɗanda ba Musulmi ba ne: ta George Sale ta 1734, da ta Rodwell ta 1861, da ta Palmer ta 1880. Fassarar Muhammad Marmaduke Pickthall, wanda shi Baturen Ingila ne Musulmi, ba ta fito ba sai a 1930. Ga wanda ya musulunta a wani gari nesa da Libaful, ba shi da liman ba shi da abokin sahu, takardar da ɗan aike ke kawo masa ita ce makarantarsa, ita ce kuma shaidar cewa yana da 'yan'uwa.

Ta biyu ita ce mai da martani. Jaridun Ingila da litattafan 'yan mishan na lokacin suna cike da cewa wai Musulunci da takobi ya yaɗu, wai yana wulaƙanta mata, wai shi ne uban cinikin bayi. Muhawarar ta ƙara zafi tun 1887, shekarar da wani babban limamin coci mai suna Isaac Taylor ya faɗa a gaban taron 'yan'uwansa cewa Musulunci ya fi Kiristanci cin nasara a Afirka, kuma a shekarar ce Edward Blyden ya fid da littafinsa a kan Kiristanci da Musulunci da baƙar fata. Shehu Abdullahi lauya ne, ya san yadda ake kafa hujja. Dabararsa ita ce ya yi wa Bature magana da abin da Bature ya yarda da shi: ya kawo masa maganar marubutan Turai, da nassin Baibul, da ilmin kimiyya, ya kuma nuna masa ɓarnar giya da yaran da aka yasar a titunan garinsa. Ba baki kaɗai jama'ar ta tsaya ba. Ta buɗe makaranta da azuzuwan dare, tana ciyar da ɗaruruwan yaran matalauta ranar Kirsimati, a shekarar 1896 kuma ta kafa gidan renon yara marasa galihu mai suna Medina Home. Takardun nata su ne suke kai labarin waɗannan ayyuka inda ƙafa ba ta zuwa.

Ta uku ita ce sada zumunci da sauran al'umma. Ana aika takardun zuwa ƙasashen Turkawa, da Masar, da Indiya, da Afirka ta Kudu, da Afirka ta Yamma, ana kuma yin musaya da jaridun can. Musulmin da ke ƙarƙashin mulkin Ingilishi, waɗanda kullum ake gaya musu addininsu na mutanen baya ne, sai ga shi suna karanta cewa a cikin gidan mai mulkin nasu akwai Turawa masu fuskantar alƙibla. Ta haka sunan jama'ar ya kai kunnen sarakuna. Sultan Abdulhamid na Biyu, mai mulkin daular Turkawa a Santambul, ya amince da Abdullahi a matsayin Shaihul Islam na tsibiran Biritaniya, Sarkin Farisa ya naɗa shi ƙaramin jakada a Libaful, a shekarar 1895 kuma Yarima Nasrullahi Khan, ɗan Sarkin Afganistan, ya ziyarci masallacin ya ba da kyautar fam 2,500.

ƘASARMU TA SHIGA LABARIN

Wannan zumunci ya taɓa ƙasarmu. A watan Yuli na shekarar 1894 aka buɗe masallacin da attajirin nan Muhammadu Shitta ya gina da dukiyarsa a tsibirin Ikko, wanda har yau yake tsaye ana kiransa Masallacin Shitta-Bey. Wakilin da Sultan Abdulhamid ya aiko wajen bikin shi ne Shehu Abdullahi na Libaful. Ya zo da lambar girma da sarautar Bey ga mai masallacin, aka yi bikin a gaban Gwamna Carter. A jawabinsa ya kwaɗaitar da Musulmin Ikko su haɗa ilmin zamani da na addini, shekara biyu bayan haka kuwa, a 1896, aka buɗe makarantar gwamnati ta 'ya'yan Musulmi a garin. Musulmin Ikko da na Saliyo sun kasance cikin masu karanta takardun Libaful da masu rubuto musu wasiƙu. Ashe tun kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903, akwai igiyar takarda da ta haɗa Musulmin bakin teku da 'yan'uwansu na Ingila.

JARUNTAKA DA RAUNI

Wajibi ne a faɗi abin yabo, a kuma faɗi abin gyara, domin tarihin da aka cire masa ɗaya daga cikinsu ba ya amfanar kowa.

Abin yabo shi ne ƙarfin zuciya. A shekarar 1896, da sojojin Ingila da na Masar suka doshi Sudan a ƙarƙashin Kitchener, yaƙin da ya ƙare da faɗuwar Omdurman a 1898, Shehu Abdullahi ya fid da fatawa a takardun jama'arsa yana haramta wa Musulmi ɗaukar makami su yaƙi 'yan'uwansu na Sudan, ko su taimaka wa masu yaƙarsu. Ku tuna fa wannan mutum ɗan ƙasar Ingila ne, a cikinta yake zaune, daga kotunanta yake cin abinci. Ya san abin da maganar za ta jawo masa na zargin cin amanar ƙasa, amma ya buga ta.

Abin gyara kuwa iri biyu ne. Na farko, ƙarancin malamai ya sa jama'ar ta ari wasu abubuwa daga cocin da ta baro, kamar taron ranar Lahadi da ake rera waƙoƙin yabo da Turanci domin jawo baƙi. Mai ilmin fiƙihu zai sami abin cewa a nan, ko da yake zai yi musu uzurin wanda ke laluben hanya shi kaɗai. Na biyu ya fi nauyi. Hausawa na cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da jama'ar ta rataya girmanta a wuyan Sultan, sai alƙalaminta ya zama mai kare shi a kan kome. Tsakanin 1894 da 1896 an kashe dubban Armeniyawa a cikin daular Turkawa, takardun Libaful kuwa suka tsaya wajen kare fadar Santambul da rage girman abin da ya faru. Gaskiya ne 'yan siyasar Ingila sun yi amfani da wannan musiba don cusa ƙin Musulunci, kuma tona munafuncinsu daidai ne. Amma shari'armu ta wajabta tsayar da shaida bisa adalci ko da a kan na gida ne, kuma jinin wanda ke zaune ƙarƙashin amanar Musulmi haramun ne. Mujallar addini in ta saba rufe ido ga laifin mai ba ta, ranar da ta faɗi gaskiya ma sai a yi shakkarta.

YADDA TA FAƊI

A shekarar 1908 Shehu Abdullahi ya bar Libaful ba zato ba tsammani ya nufi Santambul. A bayansa akwai wata shari'ar sakin aure da aka same shi da laifin shirya shaidar da ba ta gaskiya ba, abin da ya sa aka soke sunansa daga cikin lauyoyi. Inuwar da yake fakewa a ciki ma ta gushe, domin a shekarar ce matasan Turkawa suka yi juyin da ya karya ikon Sultan Abdulhamid, aka tuɓe shi a 1909. Nan da nan injin ɗab'i ya tsaya, aka sayar da gidajen, jama'ar ta watse, wasu suka koma wajen Musulmin Landan da na garin Woking. Shi kansa ya komo Ingila daga baya da wani suna, Haroun Mustapha Leon, ya rasu a Landan a 1932, aka binne shi a maƙabartar Brookwood. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya saka masa bisa ƙoƙarinsa.

Me ya sa aikin shekara goma sha biyar ya rushe haka da sauri? Domin mutum ɗaya ne ginshiƙinsa. Shi ne liman, shi ne edita, shi ne mafi yawan rubutu, aljihunsa ne kuma ke cike giɓin kuɗin takarda da na kan sarki. Gidajen ba a tsare su ta hanyar da magada ba za su iya sayarwa ba, ba a kuma tarbiyyantar da wanda zai hau kujerar ba.

Wannan cuta ba Libaful kaɗai ta kama ba. A shekarar 1893 ɗin nan dai, wani Ba'amurke mai suna Muhammad Alexander Russell Webb, wanda ya musulunta yana ƙaramin jakadan ƙasarsa a Manila, ya fara fid da mujallar wata-wata mai suna The Moslem World a birnin New York, bisa alkawarin taimako daga wasu attajiran Musulmi na Indiya. Kuɗin bai zo yadda aka shirya ba, mujallar ba ta cika shekara ba ta mutu. Al-Urwatul Wusƙa, wadda Jamaluddin al-Afgani da Muhammad Abduh suka fitar a Faris a 1884, fitowa 18 ta yi ta tsaya. Al-Manar ta Rashid Rida, duk da girmanta, ta rayu ne daga 1898 zuwa rasuwarsa a 1935, abin da aka fitar bayansa bai taka kara ya karya ba. Amma mujallar Azhar, wadda ta fara a 1930 da sunan Nurul Islam, har yau tana fitowa, domin tana jingine da makaranta mai waƙafi da tsari, edita na tafiya wani na zuwa.

ABIN DA YA SAURA

Duk da haka, jama'a, ku dubi ikon Allah. Gidan Brougham Terrace ya koma hannun hukumar gari, ta mai da shi ofishin rajistar haihuwa da aure da mutuwa har tsawon shekaru masu yawa, mutanen Libaful suka manta an taɓa yin salla a cikinsa. Abin da bai ɓace ba shi ne takardun nan, waɗanda aka ɗinke aka adana a ɗakunan ajiyar littattafai. Daga cikinsu masu bincike suka tono sunayen waɗanda suka musulunta, da sana'o'insu, da ranakun aurensu da jana'izarsu, har Farfesa Ron Geaves ya wallafa tarihin Shehu Abdullahi a shekarar 2010. Musulmin Libaful na wannan zamani sun kafa ƙungiya da sunansa, suka karɓi gidan suka gyara, aka sake buɗe masallacin a shekarar 2014, fiye da shekara ɗari bayan rufe shi. Gini ya fita hannu, dukiya ta ƙare, mutane sun mutu, amma rubutu ya tsare musu haƙƙinsu har magada suka zo.

To, a nan magana ta zo kanmu. Ƙungiyoyin addini a garuruwanmu ba su ƙidayuwa, kuma da yawansu sun taɓa fid da mujalla, fitowa biyu ko uku, aka yi bikin ƙaddamarwa, daga nan shiru. Ya ku attajirai, kun fi kowa sanin cewa ciniki ba ya tsayuwa da kyautar rana ɗaya. Wanda ke son lada mai gudana ya tsayar da shago ko gida ya yi waƙafinsa, da takarda da shaidu, kuɗin hayarsa ya riƙa biyan ɗab'i kowane wata, sa'an nan ya janye hannunsa daga abin da ake rubutawa, kada kyautarsa ta zama linzami a bakin malami. Ya ku ma'aikata, ku ne kuka san riƙon fayil da rubuta bayanin taro da lissafin shiga da fita. Wannan ilmi da kuke yi wa gwamnati hidima da shi, masallacin unguwarku da ƙungiyarku suna bukatarsa. Ku rubuta wanda ya ba da fili, da wanda ya yi limanci, da shekarar da aka yi, ku ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Malamai kuma su yarda a zauna da su a kwamiti, a duba rubutunsu kafin a buga, su kuma jawo ɗalibai kusa tun da sauran ƙarfi, domin icen da ba a dasa wani a gefensa ba, ranar da ya faɗi sai rana ta doki kowa.

Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya da rubuta ta, Ya sa ayyukanmu su yi saura bayanmu.